Baƙin Ciki da Ciwon Daji: Bayanin Abin da Likitoci Suka Gano a Cikin Jini

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda cuta da waraka suke hannunSa, wanda Ya ɗaure jiki da zuciya da igiya guda. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanen ƙasar Jahun da kewaye. In aka zauna makoki a Aujara ko Harbo, aka ce ciwon daji ne ya yi ajalin marigayiya, da wuya a rasa tsohuwar da za ta girgiza kai ta ce, "Ai baƙin ciki ne ya cinye ta. Tun da ɗanta ya rasu ba ta sake moruwa ba." Haka nan a rumfunan Gujungu da Shuwarin, in aka ɗauko zancen wani falke da ciwon ya kwantar, sai a ce tun shekarar da ya karye, masu bin bashi suka yi masa caa, abin ya same shi. To, shin damuwa tana da hannu cikin wannan ciwo, ko kuwa faɗar mutane ce kurum?

Likitocin duniya sun yi shekaru suna bin sawun wannan mas'ala, abin da suka samu kuwa ya kasu biyu. Ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa damuwa tana haifar da ciwon a jikin mai lafiya. Amma sun ga alamu da yawa cewa in ciwon ya riga ya kama, damuwar da ta daɗe tana iya share masa hanya ya bazu. Watau damuwa ba ita ke shuka irin ba, amma tana iya yi masa ban-ruwa. Wannan bambanci babba ne, gama a kansa ne yadda za a riƙe majinyaci ya rataya.

Fasali na 1: Abin da magabata suka hango

Malamai sun san ƙissar Annabi Yakubu, alaihis salamu, yadda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya kai har idanunsa suka yi fari. Wannan ya isa shaida cewa abin da ke cikin zuciya yana sauka a gaɓoɓi. Masana ɗibbu na da ma a kan haka suka tafi. Jalinusu, likitan nan na Yunanawa da ya rayu a ƙarni na 2 bayan Annabi Isa, ya riƙi cewa jiki yana tafiya bisa ruwaye huɗu, su ne jini da balgamu da safara'u da sauda'u. A wurinsa, yawan sauda'u shi ke kawo baƙin rai, shi ne kuma ke kawo ciwon da Larabawa suka kira saraɗanu, ma'ana ƙaguwa, saboda jijiyoyin da ke kewaye da ƙullun suna miƙewa kamar ƙafafunta.

Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 ta Hijira, watau 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfusi, inda ya nuna cewa jiki da rai a sarƙe suke, ciwon ɗayansu yana taɓa ɗayan, ya kuma ga laifin likitocin zamaninsa da suka mai da hankali ga jiki suka bar rai. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428, watau 1037, ya bayyana a cikin Alƙanun yadda bugun jijiyar hannu ke sauyawa da fushi da tsoro da farin ciki, ya kuma yi umarni da a cire saraɗanu tun yana ƙarami, a kwashe shi duka. A ƙasar Hausa ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar littattafai a kan ɗibbu. Ashe wannan bincike ba baƙo ba ne a zauren malamai.

Zancen sauda'u dai likitocin yanzu sun bar shi, gama an buɗe jiki an duba ba a same shi ba. Amma igiyar nan da magabata suka hango tsakanin zuciya da jiki, an samo ta, an kuma san sunanta.

Fasali na 2: Jakadun da ke tafiya cikin jini

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, nauyinta kamar giram 5. Wani likitan ƙasar Italiya mai suna Eustachi shi ya fara bayyana ta a ƙarni na 16, aka kuma yi shekara kusan 300 ba a san amfaninta ba. Aikinta shi ne ta zuba waɗansu sinadarai cikin jini, su bi jini su kai saƙo ga sauran gaɓoɓi, kamar yadda jakadu a da suke ɗaukar umarni daga birni zuwa ga dagatai. Likitoci suna kiran irin waɗannan sinadarai homon.

Uku daga cikinsu su ne jakadun firgita. Na farko adrenalin, wanda wani masani ɗan ƙasar Japan, Jokichi Takamine, ya tace shi a Amurka a 1901. Na biyu ɗan'uwansa noradrenalin, wanda mafi yawansa daga bakin jijiyoyin laka yake fitowa, ya zuba kai tsaye cikin gaɓar da jijiyar ta shiga. Na uku kotisol.

Manomi in yana cikin gona ya ga kububuwa daf da ƙafarsa, nan take gabansa ya faɗi, zuciya ta hau bugawa, baki ya bushe, gumi ya keto, ya kuwa yi tsallen da bai san yana iyawa ba. Aikin adrenalin ke nan. Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana shi a 1915, ya ce jiki ne yake shirin faɗa ko gudu. Kotisol kuwa a baya yake tafe. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake da ke ƙarƙashinta, ita kuma ta aika wa hular ƙoda, sa'an nan a sako shi. Yana tara sukari a jini domin ƙarfi, yana kwantar da kumburi, yana kuma ja wa dakarun jiki linzami. Ga mai lafiya yana da ƙa'ida: yakan yi sama da sassafe lokacin farkawa, ya riƙa sauka har ya kai ƙasa da tsakar dare.

Duk wannan rahama ce, in abin ya zo ya wuce. Illa tana zuwa ne sa'ad da firgitar ta ƙi ƙarewa. A 1936 Hans Selye, a birnin Montiriyal na Kanada, ya ba da labarin ɓerayen da aka daɗe ana wahalshe su da sanyi da rauni da gajiya. Da aka buɗe su, sai aka ga hular ƙodarsu ta kumbura, gaɓoɓin da ke renon dakarun jiki sun motse, tumbinsu ya yi gyambo. Misalinsu kamar garin da kullum ake buga tambarin yaƙi: ba a noma, ba a gyaran ganuwa, dakaru kuma sun gaji tun abokin gaba bai iso ba. Saboda haka damuwar da ake nufi a wannan bayani ba faɗuwar gaba ta yini ɗaya ba ce. Ita ce wadda ke kwana da mutum ta tashi da shi wata da watanni, irin ta bashi, da rumbun da ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba, da doguwar jinya, da kaɗaici.

Fasali na 3: Yadda ciwon daji yake fatauci

Jikin ɗan Adam ginanne ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina soro da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, yawansu kuwa ya kai tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutaccen umarni a cikinta, mai gaya mata sa'ad da za ta rabu biyu, da sa'ad da za ta tsaya, da sa'ad da za ta mutu ta ba wata wuri. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, sai an kwafi wannan rubutu. Masu rubuta littattafai da hannu sun san abin da kan faru: in mai kwafa ya yi tuntuɓen alƙalami, wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji kuskuren, ya kuma ƙara nasa. In kurakurai suka taru a wuraren da ke riƙe da ƙwaya, sai ta kangare, ta riƙa hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙari. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara.

Abubuwan da ke ɓata rubutun an san da yawansu. Akwai taba. Akwai ƙwayar cutar hanta da ake kira hefataitis B. Akwai dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, shi ma hanta yake taɓawa. Akwai ƙwayar cutar HPV mai kawo sankarar bakin mahaifa. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a kududdufi da fadama, in ta daɗe tana iya kai ga sankarar mafitsara. Sai kuma tsufa da gado.

Ƙarin da ya tsaya wuri guda, likitan fiɗa yana iya cire shi. Abin da ya fi kisa shi ne bazuwa, sa'ad da waɗansu ƙwayoyi suka ɓalle suka tafi wata gaɓa. Tafiyar nan tasu kuwa tamkar fatauci ce. Suna bukatar guzuri, watau jinin da zai ciyar da ƙarin. Suna bukatar ƙofar fita daga ganuwar naman da ya kewaye su. Suna bukatar hanya, ko ta jijiyar jini, ko ta hanyoyin farin ruwan nan da ke bi ta kaluluwa. Dole su kuɓuta daga 'yan sintiri, watau fararen ƙwayoyin jini masu kashe duk abin da suka ga ya kangare. Daga ƙarshe suna bukatar zango da fatoman da zai saukar da su, a huhu ko hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu a hanya suke mutuwa. Abin da masu bincike suka tambaya shi ne, ko jakadun firgita suna sauƙaƙa wa wannan mugun ayari tafiya.

Fasali na 4: Abin da aka gani a jikin ɓera

Jakada ba ya isar da saƙo sai an buɗe masa. A jikin ƙwayoyin halitta akwai waɗansu kafofi kamar kafar kwaɗo, adrenalin da noradrenalin su ne mabuɗinsu, likitoci suna kiransu beta. Kotisol kuma nasa kwaɗon a can cikin ƙwayar yake. An tarar ƙwayoyin ciwon daji iri-iri suna da waɗannan kafofi, haka ma fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin da ke gina jijiya. Akwai kuma wani tsohon maganin zuciya da hawan jini, furofuranolol, wanda James Black ya ƙago a Ingila cikin shekarun 1960. Aikinsa shi ne ya toshe kafar beta, mabuɗi ya zo ya rasa wurin shiga. Da shi aka gwada abubuwa da yawa daga cikin waɗanda za a ambata.

Na ɗaya, guzuri. A 2006 Anil Sood da abokan aikinsa, a asibitin ciwon daji na MD Anderson da ke Hustan a Amurka, suka sa wa ɓeraye sankarar ƙwan mahaifa. Waɗansu aka bar su sake, waɗansu aka riƙa tsare su cikin matsattsen bututu na waɗansu sa'o'i kowace rana. Waɗanda aka matsa, ƙarinsu ya fi nauyi, ya fi yawa, ya kuma fi sababbin jijiyoyin jini. Noradrenalin ne ya sa ƙwayoyin suka riƙa fitar da wani sinadari mai kiran jijiya ta tsiro, kamar mai lambu ya ja ruwa daga kogi zuwa fangalinsa. Da aka ba su furofuranolol, wannan bambanci ya gushe.

Na biyu, ƙofa da hanya. A 2010 Erica Sloan da abokanta a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka gwada da sankarar nono. Abin mamaki, ƙarin farko bai ƙara wani girma na a zo a gani ba, amma bazuwarsa zuwa gaɓoɓi masu nisa ta ninka har sau 30. Da aka duba, sai aka ga waɗansu manyan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu cinye ɓarna ne, sun taru cikin ƙarin sun koma suna yi masa hidima. Dogari ya zama ɗan rakiyar ɓarawo. A 2016 kuma, a jami'ar Monash ta Melbon a Ostireliya, aka nuna cewa damuwa tana faɗaɗa hanyoyin farin ruwa da ke ciki da kewayen ƙari, tana kuma ƙara yawansu. Turba ta zama gwadabe.

Na uku, zango. A 2019 masu bincike a jami'ar Basel ta Suwizalan suka nuna cewa dangin kotisol suna ƙara wa ƙwayoyin sankarar nono da suka yi ƙaura ƙarfin kafuwa a sabon wuri. A 2024, a cibiyar Cold Spring Harbor ta jihar Niyok, Mikala Egeblad da abokanta suka ga cewa wannan sinadari yana sa wani jinsin fararen ƙwayoyin jini ya riƙa watsa zare mai danƙo kamar saƙar gizo-gizo. Asalin zaren na kamun ƙwayoyin cuta ne, amma a nan sai ya gyara wa baƙin shimfiɗa a huhu. Bazuwa zuwa huhu ta ninka har kusan sau 4, da aka ba da maganin da ke narkar da zaren kuwa sai ta ragu.

Na huɗu, tada mai barci. Sananne ne cewa akan yi wa mutum aiki ya warke, bayan shekaru ciwon ya dawo, saboda waɗansu ƙwayoyi sun laɓe suna barci. A 2020, a cibiyar Wistar ta Filadelfiya, aka nuna a jikin ɓera cewa noradrenalin yana iya zuga fararen ƙwayoyin jini su fitar da abin da ke farkar da masu barcin nan.

Fasali na 5: Ɓera ba mutum ba ne

A nan wajibi ne mai hankali ya ja birki. Ɓeran da aka sa wa ciwo da gangan, aka kulle shi a bututu, ba daidai yake da magidanci mai iyali da imani da maƙwabta ba. Abin da aka gani ga mutane ya fi wannan sarƙaƙiya.

Game da haifar da ciwon, an yi manyan ƙididdiga. A 2013 aka haɗa bayanan ma'aikata fiye da 116,000 daga ƙasashen Turai, waɗanda aka bi su shekara da shekaru, ba a sami alaƙa tsakanin matsin aiki da sankarar hanji ko huhu ko nono ko mafitsarar maza ba. A 2016 aka fitar da binciken mata kimanin 106,000 a Birtaniya, shi ma bai nuna cewa masu yawan damuwa sun fi sauran kamuwa da sankarar nono ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wa mace tunaninta ne ya jawo mata.

Game da wanda ciwon ya riga ya kama kuwa, alamu sun fi ƙarfi. A shekara ta 2000 aka ba da rahoton mata 104 a jami'ar Stanford, masu sankarar nono da ta bazu. Waɗanda kotisol ɗinsu ya rasa ƙa'idarsa ta hawa da safe da sauka da dare sun riga sauran rasuwa. A 2012 Susan Lutgendorf ta jami'ar Ayowa ta ba da rahoton mata 168 masu sankarar ƙwan mahaifa. Waɗanda ke da mutanen da suka shaƙu da su, masu jin ana tare da su, sun fi daɗewa a raye. Kafin haka ta tarar cewa a cikin ƙarin matan da ke cikin kaɗaici noradrenalin ya fi yawa. Amma fa a lura, mai yiwuwa ne tsananin ciwon ne da kansa ke rikita kotisol, kuma wadda ke da 'yan'uwa ita ce ake ba abinci, ake kai wa asibiti a kan lokaci. Rabe waɗannan dalilai da juna yana da wuya.

An kuma gwada rage damuwar da gangan. A jihar Ohayo, cikin mata 227 da aka yi wa aikin nono, rabi aka riƙa tara su ana koya musu hanyoyin kwantar da hankali da kula da kai. Rahoton 2008 ya nuna ciwon bai dawo musu kamar yadda ya dawo wa sauran ba. Amma a Kanada, a 2001, cikin mata 235 da ciwonsu ya riga ya bazu, zaman tattaunawa ya rage musu zafi da baƙin rai, bai ƙara musu kwanaki ba. Shi ma furofuranolol an gwada shi ga mata 60 a Melbon, aka ba waɗansu na kwana 7 kafin fiɗa. Rahoton 2020 ya nuna alamun shirin bazuwa sun ragu cikin ƙarin da aka cire. Wannan bushara ce ga masu bincike, amma bai kai a ce an sami magani ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar madubin likita. Wanda damuwa ta danne shi ne ke ƙara zuƙar taba, ya rasa barci, ya ƙi abinci, ya ƙi komawa asibiti ranar da aka ɗiba masa, ya yanke ƙauna ya bar magani a tsakiya.

Fasali na 6: Abin da wannan ya wajabta a ƙasar Jahun

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum fiye da 127,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar nono ce a gaba. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa mafi yawan masu ita ba su zuwa asibiti sai ta yi nisa.

Wanda ya san ƙauye ya san dalili. Mace ta ji ƙullu a nononta, ba ya zafi, kunya ta hana ta faɗa. Ta faɗa, aka ce jeji ne, ba ya son ƙarfe, aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har wata shida. Sa'ad da aka yarda a tafi, sai a fara da asibitin Jahun, daga nan a tura Dutse asibitin Rasheed Shekoni ko Birnin Kudu, daga nan Kano asibitin Malam Aminu Kano, wani lokaci har Shika ta Zariya domin gashi da na'ura. Kowane zango kuɗin mota ne da na gwaji da na magani. Akuya ta tafi, buhun riɗi ya tafi, gona ta shiga jingina, balle a shekarar da ruwa ya ci amfani irin ambaliyar 2022. Majinyaciya tana kwance tana jin ana lissafin abin da aka kashe a kanta. Ga ciwo, ga abin da ke yi wa ciwon ban-ruwa, a ɗaki guda.

Mutanen Jahun suna da darasi a ƙofar gidansu. A 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da na-gari-na-kowa, ta fara aiki tare da ma'aikatar lafiya ta Jigawa a babban asibitin garin, wajen haihuwa da gyaran yoyon fitsari. Matan da wannan lalura ta sama, da yawansu an guje su, waɗansu an sake su. Shi ya sa ba a tsaya ga ɗinki kaɗai ba, aka haɗa da lallashi da ba da shawara, domin mace ta koma cikin mutane da ƙarfin zuciya. Yoyon fitsari dabam, ciwon daji dabam, amma gudun da ake yi wa masu su iri ɗaya ne. Mai gyambon nono da ya fara wari akan ware mata ƙwarya da tabarma, alhali kuwa ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko zama, ko gaisawa.

Hakkin malamai a nan shi ne su tsare harsunan jama'a. Kada a ce wa majinyaci ƙarancin tawakkali ne ya kwantar da shi, gama an ɗora masa dutse bisa dutse. Baƙin ciki ba raunin imani ba ne: Annabi Yakubu ya yi shi, shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu kuwa malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Addu'a da zikiri da karatu suna sanyaya zuciya, amfaninsu babba ne. Amma malamin da aka kawo wa mai ƙullu, mafi alherin abin da zai haɗa da addu'arsa shi ne ya ce a tafi asibiti cikin makon nan. Alamomin da ba a jira da su su ne ƙullu a nono ko hamata, da jini ga matar da ta daina al'ada ko bayan saduwa, da jini a fitsari ko bayan gida, da gyambon da ya ƙi warkewa, da rama ba dalili. Ya kuma kyautu a sanar da iyaye cewa akwai rigakafin cutar hanta da ake yi wa jarirai, kuma a watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, Jigawa tana cikin jihohin farko.

Hakkin 'yan kasuwa ya fi kusa da aljihu. Hukuncin shari'a game da jinkirta wa wanda ke cikin matsi sananne ne, wanda bashi ya yi wa katutu kuma yana cikin masu cin zakka. Wanda ya ɗaga wa abokin cinikinsa majinyaci ƙafa, ko ya riƙe masa rumfa har ya tashi, ko ya biya masa kuɗin motar Kano, ya sauke masa abin da allura ba ta saukewa. Masu sayen gyaɗa da masara su tabbata ta bushe kafin ta shiga buhu, su kuma zubar da mai funfuna. Masu sayar da magani su ji tsoron Allah. Furofuranolol yana rage bugun zuciya, yana kuma iya shaƙe mai ciwon fuka, ba a shansa sai da umarnin likita. Dekisametason, wanda waɗansu ke sha don su yi ƙiba, ɗan'uwan kotisol ne. A hannun likita magani ne mai amfani, har cikin jinyar ciwon daji ana ba da shi da awo, amma shansa barkatai yana raunana dakarun jiki.

Hakkin magidanta da dangi shi ne mafi nauyi. Kada a mai da mace gidan iyayenta don ta kwanta ciwo. Kada a yi lissafin kuɗi a gabanta. A ci abinci tare da ita, a bar 'ya'yanta su shiga wurinta, a raka ta ranar ganin likita, a kuma tsaya har a gama magani. Ko da bincike na gaba bai tabbatar da cewa wannan yana ƙara kwana ba, an riga an tabbatar yana rage raɗaɗi, kuma gaida marar lafiya hakki ne tun kafin a san adrenalin.

Tsohuwar nan ta wurin makoki ba ta yi kuskure duka ba. Ta ga wani abu na gaskiya, sai dai ta faɗe shi bayan an dawo daga maƙabarta. Lokacin da maganar take da amfani shi ne sa'ad da baiwar Allah take kwance a ɗaki, tana sauraron ko za ta ji sallamar wani a ƙofa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti. Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ne Mafi sani. Tammat, wasalamu.